Azumin Daniyel a Kan Ma'auni: Nazarin Koyarwar Jerin Abinci

Gabatarwa

A farkon shekara ikilisiyoyi da dama sukan kira azumin kwana 21. Tare da kiran akan raba wata takarda, wani lokaci a buge, wani lokaci ta WhatsApp, mai layi biyu: abin da aka yarda a ci, da abin da aka hana. Sunan da aka ba wannan tsari shi ne Azumin Daniyel. Da zarar an tashi daga sujada, sai tambayoyi su bi fasto har gida. Kunun gyaɗa ya halatta? Daddawa fa? In na sa man ja a miya, azumina ya karye? Goro abinci ne? Mai ciwon suga ya sha maganinsa, ko ya jira faɗuwar rana?

Masu yin waɗannan tambayoyi ba wasa suke yi ba. Suna so su gamshi Allah, suna kuma tsoron kada wahalarsu ta tafi a banza. Amsar da za mu ba su tana iya ɗaure lamirinsu ko ta kwance shi, tana kuma iya kai wani asibiti. Saboda haka ya wajaba mu da aka ba kiwon garke mu ɗora koyarwar a kan ma'auni kafin mu karanta ta daga mumbari.

1. Abin da koyarwar take cewa

Tsarin da muke gani yau daga Amurka ya zo. Elmer Towns ya sa shi cikin ire-iren azumi tara da ya lissafta a littafinsa na 1996, Susan Gregory kuma ta fitar da littafi sukutum a kansa a 2010. Wa'azin talabijin da intanet suka kawo shi har ƙofofinmu. A taƙaice, ana cewa mai bi ya yi mako uku yana cin hatsi, wake, ganye, kayan lambu da 'ya'yan itatuwa, ruwa kaɗai kuma zai sha. An hana nama, kifi, ƙwai, madara, sukari da zuma, burodi mai yisti, da abin da aka soya cikin mai. An kafa wannan a kan nassi biyu: Daniyel 1:8-16 da Daniyel 10:2-3.

A wurarenmu an ƙara masa wani abu. An jera azumi hawa-hawa kamar tsani: busasshen azumi, wato ba ci ba sha, yana sama, azumin ruwa yana tsakiya, na Daniyel yana ƙasa, na masu rauni. Ana kuma gaya wa jama'a cewa gwargwadon tsananin azumi, gwargwadon saurin amsa.

2. Abin da ya cancanci yabo

Kada mu yi wa koyarwar rashin adalci. Ikilisiyoyinmu na bishara sun daɗe suna sakaci da azumi, har wasu membobi suna ɗauka al'adar Katolika ce ko ta Musulmi. Alhali Ubangijinmu ya yi magana a Matiyu 6:16-18 kamar wanda ya san almajiransa za su yi azumi, a Markus 2:20 kuma ya nuna lokacinsa zai zo bayan an ɗauke ango. Wannan tsari ya komo da zancen azumi cikin gidajen masu bi.

Ya kuma buɗe ƙofa ga waɗanda ba za su iya wuni da yunwa ba, kamar lebura, da tsohuwa, da ɗalibi mai jarrabawa. Rage abinci maimakon barinsa ɗungum yana da tushe a Littafi Mai Tsarki, gama abin da Daniyel ya yi ke nan a sura 10. Duk wanda ya bar nama da shayi mai sukari mako uku domin ya ba da kansa ga addu'a, ba mu da abin faɗa masa sai Allah ya ƙarfafa shi. Sūkarmu tana kan yadda aka karanta nassin, da kuma dokar da aka ɗaura wa mutane da sunansa.

3. An haɗa nassi biyu da ba su haɗu ba

Sura 1 ta faru a shekara ta uku ta sarautar Yehoyakim, wajen shekara 605 kafin haihuwar Almasihu, Daniyel yana saurayi. Sura 10 ta faru a shekara ta uku ta Sairus sarkin Farisa, wajen shekara saba'in bayan haka, Daniyel ya tsufa. Masu koyarwar sun ɗauko kayan lambu da ruwa daga ta fari, suka ɗauko mako uku daga ta biyu, suka ɗinke su wuri ɗaya. Daniyel kansa bai taɓa yin wannan haɗin ba.

Mu duba sura 1 da kyau. Kalmar Ibrananci ta azumi, tsom, ba ta fito a cikinta ba ko sau ɗaya. Daniyel da abokansa sun ƙi abincin sarki ne don kada su ƙazantu. Masana sun kawo dalilai dabam-dabam: ko naman ya saɓa wa dokokin Littafin Firistoci 11, ko an miƙa shi ga gumakan Babila, ko kuwa cin abincin teburin sarki alama ce ta miƙa wuya gare shi. Ko wanne ne, batun aminci ne a ƙasar bauta. Kwana goman gwaji ne da suka roƙi mai lura da su ya yi, bayansa kuma aka ci gaba da ba su abincin nan, horonsu kuwa na shekara uku ne. Sun ci sun ƙoshi, har aya 15 ta nuna sun fi sauran samarin ƙiba. Wanda ya fito daga abu ya fi kowa ƙiba, da wuya a ce azumi ya yi.

A sura 10 kuwa makoki Daniyel yake yi. Abu huɗu ya bari: abinci mai daɗi, nama, ruwan inabi, da shafa mai a jiki. Ba a faɗi abin da ya ci ba. Babu zancen yisti, ko madara, ko ƙwai, ko suya. Dukan waɗannan ƙari ne na marubutan zamaninmu. Abin mamaki kuma, takardun da suke hana zuma ba sa hana man shafawa, alhali shi ne nassin ya ambata da sunansa. Ba muna cewa a hana shi ba ne, domin Yesu ya umarci mai azumi ya shafa mai a ka, ya wanke fuska (Matiyu 6:17). Muna nuna cewa masu jerin sun riga sun zaɓi abin da suka ga dama daga cikin nassin, sa'an nan suka miƙa mana shi kamar umarnin Allah.

Inda aka ce Daniyel ya yi azumi da ainihin kalmar shi ne 9:3, tare da tsummoki da toka da furta zunuban jama'arsa. Nan ne ya kamata a fara koyar da azumin Daniyel, amma ba safai ake karanta wurin ba.

4. Kwana 21 ba mabuɗi ba ne

Ana yawan wa'azi cewa Daniyel ya dage kwana 21 har ya fasa sama. Nassin ya faɗi wani abu dabam. A 10:12-13 manzon ya gaya masa cewa tun ranar farko aka ji maganarsa, jinkirin kuwa ya zo ne daga tsayayyar shugaban mulkin Farisa. Ba yunwar kwana na ashirin da ɗaya ce ta sa Allah ya saurara ba, ya riga ya saurara. Abin da aka kawo masa ma ba dukiya ko ƙarin girma ba ne. Wahayi ne mai nauyi game da wahalar da za ta auko wa mutanensa, har ƙarfinsa ya ƙare.

In muka koya wa jama'a cewa adadin kwanaki da irin abinci su ne suke jawo amsa, mun mai da azumi ciniki. Mutanen zamanin Ishaya sun yi wannan lissafi, suka yi gunaguni cewa sun yi azumi Allah bai duba ba (Ishaya 58:3). Amsar da aka ba su ba ta taɓa abin da ke cikin tukunyarsu ba. An tambaye su yadda suke bi da ma'aikatansu da mayunwata. A Zakariya 7:5 ma tambayar ita ce domin wa aka yi azumin.

5. Jerin abincin a ƙauyenmu

Mu ɗauki takardar nan mu kai ta ikilisiyar ƙauye. Me aka yarda a ci? Gero, dawa, masara, wake, kuka, kuɓewa, zogale, rama. Me aka hana? Nama, kifi, ƙwai, madara, burodi. To, ai tuwo da miyar kuka shi ne abincin manominmu daga Janairu zuwa Disamba, nama kuwa sai Kirsimeti ko biki. Bisa ga wannan jeri, talakanmu sun shekara da shekaru suna Azumin Daniyel ba su sani ba.

A birni kuma abin ya juye. Mai hali yakan bar tsire ya koma sayen tuffa, inabi da sauran kayan marmari na shago, har kuɗin cefanen mako ukun ya fi na kullum. An tsara jerin ne domin mutanen da nama da sukari suka yi wa yawa. Ga mai shayarwa a ƙauye wadda ɗan nonon da take damawa da fura shi ne abin gina jikinta, hana ta shi zalunci ne. Dokar da mai kuɗi zai kiyaye da daɗin baki, matalauci kuma da ramewa, ba ta yi kama da Ishaya 58:7 ba, inda abincin da mai azumi ya bari yake komawa hannun mayunwaci.

6. Batun ruwa

Tambayar da ta fi kowace yawa a wurinmu ita ce ko ruwa yana karya azumi. Dalilin a fili yake. Muna zaune da maƙwabta Musulmi waɗanda suke barin ci da sha daga ketowar alfijir zuwa faɗuwar rana, kalmomin da muke amfani da su ma, azumi da buɗa-baki, tare muke raba su. Yaron da ya tashi a Kano ko Maraɗi ya san azumi da ƙishirwa kafin ya san shi da Littafi Mai Tsarki. Muna girmama horon kansu, amma ƙa'idarsu tasu ce. Ya kamata kuma mu tuna cewa shari'arsu ta ɗauke wa marar lafiya da matafiyi. Abin kunya ne a iske fasto ya fi ta tsanani a kan garkensa.

Littafi Mai Tsarki ya san azumin da babu ruwa. Esta ta kira na kwana uku sa'ad da aka shirya hallaka Yahudawa (4:16). Mutanen Nineba sun yi shi da suka ji hukunci yana tafe (Yunana 3:7). Shawulu ya yi kwana uku haka bayan ya gamu da Ubangiji a hanyar Dimashƙu (Ayyukan Manzanni 9:9). Dukansu gajeru ne, a lokacin tashin hankali mai girma. Musa ya yi kwana arba'in ba ci ba sha (Fitowa 34:28), amma yana kan dutse a gaban Allah, wannan kuwa mu'ujiza ce, ba a ba mu ita don kwaikwayo ba. Game da Yesu, Luka 4:2 ya ce bai ci kome ba, Matiyu 4:2 ya ce ya ji yunwa. Babu wanda ya ambaci ƙishirwa. Sau da dama kuma azumin Isra'ila na wuni ɗaya ne, zuwa maraice (Littafin Mahukunta 20:26, 2 Sama'ila 1:12). Babu inda aka kafa wa ikilisiya doka cewa ruwa yana ɓata azumi.

Jiki yana iya jure makonni babu abinci, amma babu ruwa kwanaki kaɗan ne. Azumin kwana arba'in kafin Ista yakan kai cikin watan Maris ko Afrilu, lokacin da zafi a Sakkwato da Maiduguri yake wuce digiri 40. Rashin ruwa yana lalata ƙoda. Ga mai sikila, yana daga cikin abubuwan da suke tayar da ciwon. Mai ciwon suga da yake allurar insulin ko shan ƙwaya, in bai ci ba, sugansa na iya faɗuwa har ya suma. Magungunan tarin fuka, hawan jini, farfaɗiya da na cutar ƙanjamau ba a tsallake musu rana. Duk fastocin da suka ce wa irin waɗannan su ajiye magani don nuna bangaskiya, sun sa su gwada Allah, abin da Yesu ya ƙi yi a ƙarshen nasa azumin.

Akwai gargaɗi domin shugabanni a 1 Sama'ila 14. Saul ya ɗaura wa sojojinsa rantsuwa kada kowa ya ci abinci sai maraice, a ranar yaƙi. Jonatan, wanda bai ji rantsuwar ba, ya ɗanɗana zuma, saura kaɗan a kashe shi. Sojojin suka galabaita, da yamma suka auka wa dabbobi suna ci har da jini. Azumin da shugaba ya ƙaƙaba ba tare da tunani ba ya jefa jama'a cikin zunubin da ya fi wanda ake gudu.

7. Abin da tarihin ikilisiya ya koya mana

Gardamar nan tsohuwa ce. Littafin Didake, na wajen ƙarshen ƙarni na ɗaya, ya sa Laraba da Jumma'a su zama ranakun azumi, amma bai ba da jerin abinci ba. Wajen shekara ta 190 Ireniyas ya rubuta wa Biktor na Roma cewa kafin Ista wasu suna azumin kwana ɗaya, wasu biyu, wasu fiye, kuma wannan bambanci bai raba zumuntarsu ba. A farkon ƙarni na uku Tertuliyan na Kartaj ya kāre 'yan ƙungiyar Montanus waɗanda suka wajabta makonni biyu na cin busasshen abinci, babu nama, babu romo, babu 'ya'yan itace masu ruwa. Sauran ikilisiya suka ce wannan sabon abu ne, ba za a ɗora wa kowa ba. A ƙarni na biyar masanin tarihi Sokratis ya lissafta al'adun zamaninsa: wasu ba sa cin duk abin da yake da rai, wasu suna cin kifi, wasu kifi da tsuntsaye, wasu busasshiyar gurasa kawai. Ya kammala da cewa manzanni sun bar wa kowa zaɓinsa, tun da babu rubutaccen umarni.

Har yau bambancin yana nan. Ikilisiyar Otodoks ta Habasha tana azumin kwana 55 kafin Ista, babu nama, madara, man shanu ko ƙwai. Ikilisiyar Katolika, bisa ga tsarin Paparoma Bulus na 6 na 1966 da dokokinta na 1983, ta wajabta azumi a Larabar Toka da Jumma'ar mutuwar Ubangiji ga masu shekara 18 zuwa 59: cikakken abinci sau ɗaya, ruwa kuma bai karya shi. Waɗannan ƙa'idodin ikilisiya ne, masu su kuma sun san haka.

Mu 'ya'yan Gyaran Ikilisiya muna da abin tunawa na musamman. A Maris 1522, a birnin Zurik, wasu mutane suka ci nama a gidan mai buga littattafai Froschauer cikin kwanakin azumi. Zwingli yana wurin, bai ci ba, amma ya hau mumbari ya kāre su: wanda yake so ya yi azumi ya yi, kada dai a mai da shi dokar da Allah bai kafa ba. Daga nan gyaran ƙasar Suwizalan ya soma. Zai zama abin baƙin ciki mu da muka gāji wannan 'yanci mu koma muna yanke hukunci a kan daddawa.

8. Ma'aunin Sabon Alkawari

Markus 7:18-19 ya nuna abin da yake shiga ciki ba ya ƙazantar da mutum. Bulus ya ce abinci ba ya kai mu kusa da Allah, ci ko rashin ci (1 Korintiyawa 8:8). A Kolosiyawa 2:16-23 ya hana a hukunta mai bi a kan ci da sha, ya kuma ce dokokin hana taɓawa da ɗanɗanawa suna da kamannin hikima, amma ba sa kashe sha'awar jiki. A 1 Timoti 4:1-5 ya sa masu hana abinci cikin masu ɓad da mutane. Romawa 14 kuma ta kama ɓangarorin biyu: mai cin ganye kawai kada ya hukunta mai cin kome, mai cin kome kada ya rena shi.

Wannan ya rushe tsanin da muka ambata. Bafarisiyen Luka 18:12 yana azumi sau biyu a mako, ya koma gida ba a kuɓutar da shi ba. Amma 'yancin nan bai zama hujjar ragwanci ba. Wanda ya ce yana azumi, ya cika ciki kafin gari ya waye, ya kwana yana ramuwa da dare, bai kuma ƙara ko minti goma na addu'a ba, lokacin cin abinci kawai ya canja. Azumi na gaskiya yana da abin da aka bari har jiki ya ji, da abin da aka sa a gurbinsa.

9. Shawara ga ma'aikata

In ikilisiya za ta kira azumi, majalisar dattawa ta fara faɗin dalilinsa, kamar yadda ikilisiyar Antakiya ta yi azumi domin keɓe Barnaba da Shawulu (Ayyukan Manzanni 13:2-3). Ana iya ba da tsari ɗaya don a tafi tare, misali barin abinci zuwa ƙarfe uku ko zuwa maraice, amma a faɗa a fili cewa shiri ne na ikilisiya.

A sanar daga mumbari, ba a ɓoye ba, cewa ruwa da magani ba sa karya azumi. A ambaci waɗanda aka ɗauke wa: yara, masu juna biyu, masu shayarwa, tsofaffi da marasa lafiya. Mai ciwo mai tsawo ya ga ma'aikacin lafiya kafin ya soma. In ba mu faɗa da bakinmu ba, kunya za ta sa su yi shiru su cutu.

Kada mu kira busasshen azumi na kwanaki a jere wa dukan jama'a. Wanda ya zaɓi ya bar nama da kayan daɗi mako uku, mu sa masa albarka, mu gaya masa ya tsai da abin da zai bari gwargwadon teburinsa, ya kuma riƙe alkawarinsa. In ya tambaye mu batun kunu ko goro, mu mai da tambayar gare shi: me ka ɗauka a gaban Ubangiji, don me kuma? A ƙarshe, a kawo mudu ko kuɗin abincin da aka bari, a raba wa gwauraye da waɗanda rikici ya kora daga gidajensu.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Karanta Daniyel 1, 9 da 10. A wace sura aka yi azumi, a wace aka yi makoki, a wace aka guji ƙazantuwa? Me wannan zai canja cikin wa'azinka?

2. Wata mai juna biyu a Zumuntar Mata ta ce maka tana jin ta yi zunubi don ta sha kunu a rana ta biyar. Me za ka ce mata, daga wane nassi?

3. Wani dattijo ya nace cewa azumin da ake shan ruwa ba azumi ba ne. Yaya za ka amsa masa ba tare da ka rena shi ko maƙwabtansa Musulmi ba?

4. Rubuta sanarwar azumin da za ka karanta wa ikilisiyarka, kada ta wuce layi goma.